Ƙullin Zare a Ɗinkin Bargon Agaji

Jawabin da ma'aikatan sashen agaji suka yi wa Zumuntar Mata a rana ta biyu ta taron koyon ɗinkin bargo. Mun buga shi domin ikkilisiyoyin da ba su sami aiko da wakilai ba.

  Mun sani waɗansunku sun bar gona a tsakiyar aiki, waɗansu sun bar jikoki a hannun maƙwabta, domin su kwana biyu tare da mu. Allah ya saka muku da alheri.

Jiya an nuna muku yadda ake yanka ƙyallaye daidai da juna, da yadda ake haɗa su a keke har su zama fuskar bargo. Namu aikin na yau ƙarami ne a ido. Za mu yi magana a kan ƙullin zare kaɗai. Mun ga waɗansu suna murmushi, da gaskiyarku kuwa. Wace mace ce a nan ba ta iya ƙulla zare ba? Tun muna yara aka koya mana: ki jiƙa yatsa da miyau, ki naɗe bakin zaren, ki murza da babban yatsa, ki ja. Ƙullin nan yana da kyau ga maɓalli da faci, gama riga tana da ciki da waje, ƙullin kuwa yana ɓuya a ciki. Amma bargo ba shi da ciki. Yau wannan fuska tana kan jikin mutum, gobe a juya ɗayar. Duk ƙullin da kika bari a fili, jiki zai goge shi, tabarma za ta goge shi, dutsen wanki zai ci shi. In ya tsira daga waɗannan, yaro zai same shi da farce da dare, ya yi ta ja har ya cire. Ranar da ƙullin ya fita, layin ɗinkin nan duka ya tashi. Abin da ke tsakiya sai ya fara tafiya, ya taru a kusurwa ɗaya kamar ƙunshin kaya, sauran bargon kuma ya zama ƙyalle biyu marasa ɗumi.

Ku tuna da wanda zai karɓi bargon nan. Ba mai akwatin tufafi ba ne. A watan Oktoba na 2014, da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi da hedkwatar EYN a Kwarhi, mutane sun fita da rigar da ke jikinsu kawai, waɗansu zuwa Yola, waɗansu Jos, waɗansu suka haye duwatsu zuwa Kamaru. A Kirsimatin 2023 mutanen ƙauyukan Bokkos sun gudu a tsakiyar hunturu, kun kuwa san sanyin Filato. A Satumba na 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Irin wannan mutum bargo ɗaya yake samu, wani lokaci ma shi da yaransa uku. Shi ne mayafi, shi ne katifa, shi ne labule tsakaninsa da iyalin da ke gefensa a ajin makaranta, shi ne kuma ake ƙunshe kaya da shi in an ce a tashi. Ba shi da allura da zaren da zai gyara. In ɗinkinmu ya warware bayan wanki uku, to, bargon da muka ba shi a Nuwamba zai bar shi a Janairu, daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani.

Ba mu muka fara wannan aiki ba. Bargon da muka shimfiɗa a kan teburin nan irin wanda matan ikkilisiyoyin Amurka da Kanada suke yi ne. Ƙungiyar agaji ta Menonayit, wadda ake kira MCC, an kafa ta a 1920 saboda yunwar da ta kama 'yan'uwansu a kudancin Rasha, inda yau ya zama ƙasar Yukiren. Ta Lutaran kuma, watau LWR, an kafa ta a 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Turai ta cika da marasa gida. Matan ikkilisiyoyinsu sukan taru a ɗakunan majami'a, da yawansu tsofaffi, su zauna kewaye da bargo ɗaya suna aiki suna hira, kamar yadda muke zama ɓarar gyaɗa.

Iri biyu suke yi. Akwai mai ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana, wanda yakan ci watanni. Wannan ba a cika aika shi sansanin 'yan gudun hijira ba. Ana kai shi gwanjo, a sayar, kuɗin ya shiga aikin agaji. A garin New Hamburg na Kanada sun fara irin wannan gwanjo tun 1967. Sa'an nan akwai na biyu, wanda ba a bi shi da layin ɗinki ba, sai dai a ɗaure fuska da tsakiya da baya wuri-wuri da zare mai kauri. Shi ne ake tarawa a ɗaure a zuba a jirgin ruwa zuwa wurare kamar Siriya da Jodan da Haiti da Yukiren. A Janairu na 2020, da MCC ta cika shekara 100, sun yi niyyar tara 6,500 a rana ɗaya, sai suka sami fiye da 9,000. Girman da ƙungiyoyin biyu suke nema kusan ɗaya ne: faɗi inci 60, tsawo inci 80, watau wajen santimita 152 da 203. Mu ma shi muka ɗauka. Zane biyu masu yadi bibbiyu, in an haɗa su gefe da gefe, sun isa bayan bargo har da saura.

Akwai wata ƙa'idar LWR da muke so mu ɗauka ita ma, ko da yake ba ta shafi ƙulli ba. Ba sa karɓar yadi mai alamar addini, ko tutar ƙasa, ko mai kama da kakin soja. Mun san akwatunanku cike suke da ragowar ankon Zumunta da na bikin ikkilisiya, kuma zuciya za ta so a sa su. Ku ajiye su don bargon gidanku. Ruwan Alau bai tambayi kowa addininsa ba, rabonmu ma ba ya tambaya. Kuma mai gudun hijira yakan bi hanyar da zanen da ke kansa zai iya jawo masa tambayar da ba ya so. Atamfar jam'iyya mai fuskar ɗan takara ma haka.

Me ya sa za mu koya, maimakon mu jira jirgi? Domin jirgi ba ya zuwa ranar da muke bukata. Kuɗin dako ya hau, naira ta faɗi tun 2023, a 2025 kuma gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, ayyuka da yawa a ƙasashenmu suka tsaya. Ƙyallaye kuwa suna nan a ƙarƙashin keken kowane tela, ana share su ana ƙonewa. Kada kuma wata ta ce wannan sana'ar Turawa ce hannunmu ba zai iya ba. Wadda ta taɓa ganin hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ta ga 'yan lifida. Lifidin nan da ke jikin doki, auduga ce aka cusa tsakanin yadi biyu aka ɗinke layi-layi, har kibiya ba ta ratsa shi da sauƙi. Masu ɗinkin ƙasar nan sun san aikin tun kafin Bature ya zo. A Ayyukan Manzanni sura 9 kuma, abin da gwauraye suka nuna wa Bitrus a Yafa bayan mutuwar Dokas, tufafin da ta ɗinka ne. Da ɗinkinta yana warwarewa, da ba su da abin nunawa.

To, kowa ta ɗauki allurarta. Za mu fara da ƙullin ɗinkin layi, gama shi ya fi wuya a karon farko.

Ki yanke zare kamu ɗaya, daga gwiwar hannunki zuwa kan yatsa. Matan can suna cewa inci 18, shi ne dai kamun namu. Mun san halinmu, muna son zare mai tsawo don kada mu yi ta fama da kafar allura, musamman mu da ido ya fara gajiya. Amma zaren nan duk ɗinki ɗaya sai ya ratsa yadi uku. In ya yi kamu biyu, kafin ki kai ƙarshensa ya sha gogayya har ya yi gashi, ya yi rauni, ga harɗewa da yake yi yana ƙulla kansa inda ba ki so. Wadda idonta ba ya gani sosai, ta sa jika ya zura mata allura biyar ko shida tun da safe, ta soke su a gefen zane. Zaren kuma silli ɗaya ne, ba a ninka shi biyu. Ninkakken zare yana ba da ƙulli babba wanda ba zai shige yadi ba, sillayen biyu kuma ba sa ja daidai. Akwai zaren da aka yi musamman don wannan aiki, mai ɗan tauri da sheƙi. In kun same shi, kada ku sa shi a keke, abin da aka shafa masa yana toshe wurin da keke ke matse zare. In ba ku same shi ba, zaren auduga mai ƙarfi ya isa. Ki ja shi sau biyu a kan kakin zuma, ki goge da yatsa, zai yi santsi ya daina harɗewa. Masu amya a ƙauyukanmu zubar da kakin suke yi, ku roƙe su.

Yanzu ga ƙullin. Kin zura zaren a allura, allurar tana hannun dama. Ki kamo dogon bakin zaren da hannun hagu, ki kawo shi ya fuskanci tsinin allurar, zaren ya yi zobe babba a ƙasa. Ki kwantar da bakin a jikin allurar, ki danne shi da babban yatsan dama da manuni. Da hannun hagu ki naɗa zaren a jikin allurar sau uku, kusa da yatsunki. Ki jawo naɗin nan ƙasa ya shiga tsakanin yatsun da suka riƙe allurar, ki matse shi. Sa'an nan ki kama tsinin allurar da hagu ki ja sama, yatsun dama suna riƙe da naɗin ba su sake ba. Allurar za ta wuce ta cikin naɗin, zaren duka ya bi ta, har ki ji ɗan ƙulli ya tsaya a tsakanin yatsunki a ƙarshe. In kin buɗe hannu ba ki ga kome ba, to, kin saki naɗin a hanya, ko kuwa bakin zaren ya kalli kafar allura maimakon ya zo ta wajen tsini. Ki sake. Bayan sau goma hannu zai riƙe da kansa.

Amfanin wannan ƙulli shi ne girmansa ɗaya ne kullum. Na miyau da murzawa yau ƙarami, gobe kamar ƙwayar dawa. Wannan kuwa ke kike ƙayyade shi. Yadi mai matsattsiyar saƙa, kamar sabuwar atamfa, naɗi biyu ya isa. Yadi mai sakwa-sakwa, uku, wani lokaci huɗu. Ki yanke jelar da ta rage bayan ƙullin ta zama gajeriya, musamman in zaren baƙi ne fuskar bargon kuma fara, gama doguwar jela takan nuna ta cikin yadi kamar jijiya.

Sai binne shi. A nan ne muke so ku buɗe ido. Kada ki soka allurar daidai inda ɗinkin zai fara. Ki matsa gefe kamar faɗin babban yatsa, ki soka ta cikin fuskar bargo da abin tsakiya kaɗai. Ɗaya hannun yana ƙasa yana tsaro, in kin ji tsini ya taɓa yatsanki, kin yi zurfi, ki ɗan janye. Ki tura allurar a kwance ta cikin tsakiyar, ta ɓullo daidai inda layin zai fara. Ki ja zaren har ƙullin ya zo ya zauna a kan yadin. Yanzu ki naɗa zaren a yatsa kusa da yadi, ki danne yadin da babban yatsan hagu dab da ƙullin, ki ɗan fizga. Za ki ji ɗan ƙara, tus, ƙullin ya shige. Ki kankare wurin da farce, zaren saƙar zai koma ya rufe kafar, ba wanda zai san an shiga ta nan. In kin fizga da ƙarfi ya wuce ya fito ta ɗaya kafar, ki sake, ki rage hannu. In ya ƙi shiga, kada ki yi kokawa da shi har yadin ya yage. Ki sa tsinin allura ki ɗan buɗe saƙar a gindin ƙullin. In har yanzu ya ƙi, ƙullin ya yi girma, ki yanke ki yi mai naɗi biyu. Atamfar da ba a wanke ba takan ƙi, saboda sitacin da ke jikinta. Shi ya sa aka ce muku jiya ku wanke kowane yadi kafin yanka. Wankin yana fitar da rinin da zai zuba, yana kuma sa yadin ya gama tsukewarsa tun bai shiga bargo ba.

Game da ɗinkin kansa ba za mu daɗe ba. Ki fara daga tsakiyar bargo ki nufi gefe, don kada yadi ya taru ya yi tudu. Matan Amish na jihar Fensilbaniya, waɗanda suka yi suna a wannan aiki, suna iya sa ɗinki takwas ko goma a inci ɗaya da 'yar gajeriyar allura. Ba mu nemi haka a gare ku ba. Huɗu ko biyar masu tsawo ɗaya, waɗanda kowanne ya kama bayan bargo, sun fi goma da rabinsu suka tsaya a tsakiya.

Ƙarshen zare shi ne inda aka fi yin sakaci, domin mutum ya gaji, yana kuma so ya ci zaren har ƙarshe. Ki tsaya tun da sauran kamar tsawon tafin hannu. In kin bari ya rage ɗan guntu, ba abin da za ki ƙulla. Ki naɗa zaren sau biyu a jikin allura, ki kai naɗin kusa da yadi, ki ja, ƙullin ya zauna nesa da yadin kamar tsawon ɗinki ɗaya. Ki soka allurar inda ɗinki na ƙarshe ya kamata ya sauka, ta shiga tsakiya kaɗai kamar ɗazu, ta yi tafiyar faɗin yatsa biyu a kwance, ta ɓullo. Ki fizga, ƙullin ya shige. Sa'an nan ki ɗan ja zaren, ki yanke dab da yadi, jelar za ta koma ciki da kanta. Ki kwantar da almakashi in za ki yanke, kada ki tsayar da bakinsa, gama an sha huda bargon da aka gama a daidai wannan wuri. Da haƙori kuwa ba a yanke zaren bargo. Bargo ɗaya yana cin zare ɗaruruwa, kowanne da ƙullin farko da na ƙarshe. In kin saba barin ɗaya cikin goma a waje, ki lissafa ƙofa nawa kika bari a buɗe.

Yanzu iri na biyu, na ɗaurewa, wanda shi ne yawancinku za ku yi, domin mata huɗu suna iya gama shi a yini ɗaya. A nan ƙullin a fili yake, ba a binne shi, saboda haka ƙarfinsa duka yana ga yadda aka ƙulla. Ana bukatar allura babba mai tsini da zaren auduga mai kauri, irin wanda ake saƙar hannu da shi. Ulun roba da ake saƙa hular jarirai da shi yana da kyau a ido, amma yana da santsi, ƙullinsa yana zamewa a wanki. Na auduga kuwa in ya jiƙa kumbura yake, ƙullin ya ƙara kama kansa. Abawa in an tufka ta sosai za ta yi, in sakwa-sakwa ce za ta tsinke.

Ki soka daga sama har ƙasa, ki dawo sama kusa da wurin, tsakani kamar faɗin ƙwayar masara. In kin matse tsakanin ya zama zare biyu na saƙa kawai, ranar da aka ja bargon ƙullin zai yago yadin ya fito. Ki sake bin kafofin nan biyu sau ɗaya, watau zaren ya kewaya sau biyu, sa'an nan ki ƙulla. Bakin dama a kan na hagu, ki zura, ki ja. Sa'an nan bakin hagu a kan na dama, ki zura, ki ja. Dama kan hagu, hagu kan dama. Hannu yana so ya maimaita abin da ya yi da fari, dama kan hagu sau biyu, wannan kuwa shi ne ƙullin da ke zamewa. Ga dabarar tunawa: bakin da ya hau sama a karo na farko, shi ne zai sake hawa a karo na biyu, sai dai ya riga ya koma ɗaya gefen. Ki duba abin da kika yi. Na kirki yana kwanciya shimfiɗe, kamar zobe biyu da suka rungumi juna. Na banza yana karkacewa, jelarsa ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli kudu, in kin ja shi sai ya yi tafiya. In zaren da kika samu mai santsi ne, ba wani, ki zura sau biyu a karon farko kafin ki yi na biyun. Haka likitoci suke ƙulla zarensu a ɗakin tiyata.

Jelar da za ki bari kamar gaɓar yatsa ɗaya ce, wajen inci ɗaya. In ta gaza haka ƙullin zai kwance. In ta fi haka akwai hatsari, kuma muna roƙonku ku ji wannan da kyau. Dogon zare yana iya naɗe yatsan ƙafar jariri da dare, ya shaƙe jini, yaron ya yi ta kuka uwar ba ta san dalili ba, kafin a gane yatsan ya kumbura. Ma'aikatan asibiti sun san wannan, gashin kai ma yana yin haka. Kada a bar jela mai tsawo don ado.

Tsakanin ƙulli da ƙulli fa? MCC tana cewa inci 4 zuwa 8. Mu muna cewa ku tsaya a kan 4, faɗin dunƙulen hannu. A bargo mai girman nan, in kin bar inci 8 za ki yi ƙulli wajen 60, in kin bar inci 4 kuwa wajen 270. Aikin ya ninka sau huɗu, mun sani. Amma wankinmu ba irin nasu ba ne. Mu a rafi muke kai shi, a buga a dutse, mutum biyu su kama su murɗe, a shanya a kan ƙaya ko dangar kara. Bargon da zai sha wannan yana bukatar ƙulli kusa-kusa. In kin ɗora dunƙulen hannunki a ko'ina a kan bargon bai taɓa ƙulli ba, akwai sauran aiki. Kuma a kowace ƙungiya a sami mace ɗaya mai leƙa ƙasa, gama allura takan kama fuska da tsakiya ta bar baya, daga sama kuwa ba a ganewa.

Abin da kika sa a tsakiya shi zai gaya miki wane iri za ki yi. In tsohon bargo ne mai tsabta, ko zannuwa biyu ko uku da aka shimfiɗa a kan juna, ɗaurewa ta isa, gama su saƙaƙƙu ne ba sa wargajewa. In audugar gona ce, ɗaurewa ba za ta riƙe ta ba ko kin yi ƙulli 300. Wanki ɗaya za ta dunƙule tsakanin ƙulle-ƙullen. Ita sai ɗinkin layi, layukan kuma kada su wuce faɗin yatsa uku tsakaninsu. A gurje ta sarai kafin a shiɓe, gama angurya tana da mai, tana ɓata yadi, tana kuma kiran ɓera. Audugar rimi ku bar ta wa matashin kai, santsi gare ta, ba ta zama wuri ɗaya a shimfiɗe.

Wata uwa ta tambaye mu jiya da yamma, in babu auduga a tsakiya, zannuwa ne kawai, a ina ƙullin zai ɓuya? Tambaya ce mai kyau. Matan Bangaladash da gabashin Indiya sun daɗe suna yin irin wannan mayafi da tsofaffin zannuwansu, su jera su su bi da ɗinkin layi kusa-kusa, ba auduga ko kaɗan. A irin wannan, ki yi ƙulli mai naɗi biyu ki shigar da shi tsakanin zannuwan, ba zai dami kowa ba. Ko kuwa ki bar ƙulli gaba ɗaya: ki shigar da jela mai tsawon yatsa a tsakanin yadin, ki yi ƙaramin ɗinki sau biyu a wuri ɗaya, na biyun ya huda zaren na farkon, sa'an nan ki ci gaba. Zaren da ya huda ɗan'uwansa ba ya zamewa.

Haka kuma za ku gyara wanda ya riga ya fara warwarewa, naku ko na wanda aka ba shi a sansani. Kada ki ɗora sabon ɗinki a kan sakakken zare ki wuce. Ki warware tsohon da gangan ta kowane gefe, har ki sami jelar da za ta shiga allura, ki ƙulla ki binne. Sa'an nan ki fara sabon zare ɗinki uku kafin inda tsohon ya tsaya.

Ranar da za ku kawo barguna ofishin gunduma, kafin ƙarshen Oktoba, ga abin da za mu yi, mun faɗa tun yanzu don kada wata ta ji an ci mata fuska. Za mu shafa hannu a fuska da baya, ido a rufe, mu ji ko akwai ƙullin da ya rage a waje. A na ɗaurewa za mu zaɓi ƙulli goma daga wurare dabam-dabam mu ja da ƙarfi. In biyu sun zame, za mu zauna tare da ku a nan take mu sake ɗaure bargon duka. Ba a rubuta sunan kowa a jiki, ba kuma za a karanta sunan wata ikkilisiya a gaban taro ba. Matasa maza da ke zaune a baya, ku ma akwai naku: ku ne za ku zaga wurin teloli ranar kasuwa ku tara ƙyallaye, ku kuma sassaƙa mana katako huɗu-huɗu da za a ɗame bargo a kai.

Yanzu ku rabu huɗu-huɗu. Kowace ƙungiya ta karɓi ƙyalle mai ninki uku a wurin Mama ma'aji. Kowa ta binne ƙulli goma, ta ɗaure goma, sa'an nan ta miƙa wa ta kusa da ita ta ja ta gani. Za mu zaga mu duba kafin a tashi cin abinci. Wadda ba ta zo da almakashi ba, akwai reza a wurin sakatariya.